Yaron da Alheri Ta Ƙi Kaiwa Juji

Alheri gajera ce. In ta shiga gonar gyaɗa sai an bi ta da kira kafin a gan ta, kuma na sha faɗa mata haka a gaban mutane. Ita kuma takan ce kunnuwana sun isa a sheƙe dawar unguwarmu duka da su. Ba wanda ya taɓa raba mu, don taubasai muke. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, cikin kakarmu Dada. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, shi ya sa tun muna yawo ba wando take kirana bawanta. Sunana Harisu. Na yi ajin yaƙi da jahilci a 'Yankara har na iya haɗa baƙi, da ɗan abin da na samo nake rubuta labarinta. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Unguwarmu tana tsakanin 'Yankara da Faskari, 'yan gidaje ne a gindin dutse, asalinmu Maguzawa. A shekarun alif ɗari tara da hamsin ɗin nan da nake magana, dangi sun rabu uku. Ni da wasu samari muka bi liman muka musulunta. Dada ta ce ita inda ta tarar da iyayenta, nan mutuwa za ta tarar da ita. Alheri kuwa daga baya ta bi Yesu. Amma rijiya ɗaya muke sha, ranar gayya kuma kowa da fartanyarsa.

Dada ce ta raini Alheri, don uwarta ba ta daɗe ba. Da aka aurar da ita ga Mani, wani dogon mutum marar magana a hayin rafi, sai aka kai amarya aka kai Dada. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ce za ta kwana biyu ta koya wa yarinya miya, miyar kuwa ba ta taɓa nuna ba.

Alheri ta haifi ɗanta na fari, namiji. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai har wata ta ɗauko shi ta miƙa mata. Alheri ta riƙe wannan kunya yadda ya kamata, kowa yana yabonta. Kafin a yaye shi ƙyanda ta ɗauke shi. Na biyu bai kai arba'in ba.

Daga nan aka fara cewa wabi take yi, wato 'ya'yanta ba sa zama. Tsofaffinmu suna da bayanin abin. Suka ce mutuwa kamar ɓarawon kasuwa take, abin da ta ga an rungume shi take miƙa wa hannu, abin da aka yar ba ta waiwayarsa. To maganinta a yaudare ta. A nuna mata yaron nan ba wanda ya damu da shi.

Da ta haifi ta uku, mace, Dada ta shirya komai. Da hantsi ta sa jaririyar cikin sakaina, ta shafa mata toka a goshi, ta kai ta jujin bayan gida ta ajiye cikin ƙaiƙayi da kashin awaki. Mata suka tsaya a kewaye. Dada ta ɗaga murya.

"Wagga aba ta wa ce?"

Alheri tana bakin ƙofa, ɗanyen jego, ta dafa bango. Ta amsa yadda aka koya mata. "Ba tawa ba ce. Ba ni so."

Sai a sami wani na waje ya tsinta, ya kushe ta, ya kai wa uwar riƙo. Aka duba unguwa kaf ba a sami mai baki irin nawa ba. Na ɗauko sakainar na ce ban taɓa ganin mummunan abu irin wannan ba, kai kamar gwanda, hanci kamar an taka kwaɗo, ko kura aka ba sai ta nemi a haɗa mata da gishiri. Mata suka yi ta dariya. Aka sa mata suna Ajuji.

Yarinyar ta zauna. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki. Dada ta ce kun gani. Amma sharaɗin yana nan, ba a yi mata sabon zane, ba a yi mata kitso mai kyau, ba a yaba ta. Tsumma take ɗaurawa. Ni kuma aikina ne duk inda na gan ta in tuna wa mutuwa cewa ba ta da amfani, ita kuma ta bi ni da gudu tana jifana da ƙwallon kanya. Gaskiya kyakkyawa ce. Idanunta sun kai na ɗan maraƙi.

Wata rana da yamma ina gidan, Alheri tana tankaɗe, Dada tana kaɗi. Ajuji ta dawo daga wasa, ta ga an yi wa wata ƙawarta jigida. Ta tsaya gaban uwarta ta ce, "Inna, ni don mi ba ki so na?"

Hannun Alheri ya tsaya a kan rariya. Ta dubi Dada. Dada ta girgiza mata kai a hankali, ta nuna sama da ido, wato ana ji.

Alheri ta ce, "Wa zai so abin juji? Tahi ki ba ni wuri."

Yarinyar ta tafi. Ba ta yi kuka ba, ta saba. A damunar nan zazzaɓi ya kama ta, kafin a yanke gero an rufe ta a bayan jujin, don a can ake rufe irinsu. Uwa ba ta zuwa wurin. Ni da Mani muka haƙa.

Alheri ta zama kamar turmin da aka kifar. Ba ta kuka, ba ta magana, in na tsokane ta sai ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Na ce mata ta ƙara gajarta, saura kaɗan kaji su fara yi mata kallon tsara. Ko gezau.

A lokacin ne wani mai wa'azin bishara, Malam Gide, ya zo ya zauna kusa da mu da matarsa. Bahaushe ne, kuturta ta taɓa cin yatsunsa biyu kafin a yi masa magani a wurin 'yan mishan. Ya kafa rumfar zana ya ce ɗakin sujada ne. Mutane suka ce akuya ma ba za ta yi sujada a ciki ba. Ba wa'azinsa ne ya fara jan Alheri ba, matarsa ce. A bakin rijiya Alheri ta gan ta tana cilla ɗanta sama tana cafewa, tana kiran sunansa, tana cewa kai ne hasken idona, kuma ɗan fari ne. Sauran mata suka rufe baki don kunya. Alheri ta bari aka watse, ta matsa kusa da ita.

"Ba ki tsoro a ji?"

Matar ta ce, "Wa zai ji? Wanda ya ba ni shi ya riga ya san ina son shi. Wa zan ɓoye wa?"

Alheri ta ce mini ranar ta dawo gida da tulu babu ruwa, ba ta ma sani ba. Ran Lahadi ta tafi rumfar. Ta ci gaba da zuwa. Mani ya bi ta, shi dama inda ta sa ƙafa nan yake sawa. Na ce mata yanzu ta zama Baturiya, sai a nemo mata takalmi da laima, sai dai ban san inda ake sayar da na 'yan tsana ba. Ta ce, "Bawa, rufe mani baki." Da na ji haka na san ta fara dawowa.

Ta sake samun ciki, ta haifi namiji. Dada ta wanke sakainarta, ta tara toka, ta aika a kira ni. Na zo da zagina a shirye, na kwana ina tsara shi. Muka tarar da Alheri zaune a kan gado ta rungume yaron.

Dada ta ce, "Miƙo shi, rana tana yi."

"Ba za shi juji ba, Dada."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba za shi ba. Kuma ba ni cewa ba ni son shi. Ina son shi. Ku ji, duk wanda ke tsakar gida ya ji, ina son shi."

Dada ta yi tsalle ta toshe mata baki da hannu, tsohuwar da kullum take cewa gwiwa ta hana ta tashi. Tana cewa, "Tofar, tofar da yawu, 'yar nan, kin kira ta." Alheri ta cire hannun a hankali ta riƙe shi.

"Ajuji mun yi mata duka, Dada. Ba abin da muka rage. Ta tahi, kuma ta tahi da maganar da na gaya mata. Wanga na ba Ubangiji Yesu ajiyarsa. Shi ba sai na yi mashi ƙarya zai tsare mani ɗa ba."

Ta juyo gare ni. "Kai kuma, bawa, ni ce abokiyar wasanka. Ni za ka zaga. Ranar da ka kushe yaron nan, na yanke kunnen guda na yi faifai da shi."

Na ce wannan zalunci ne, an sa ni na yi tanadin zagi na kwana guda, yanzu ina zan kai shi, ya ruɓe a cikina? Ba wanda ya yi dariya. Ran suna suka kai shi rumfar zana, Malam Gide ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Uwarsa ta ce sunansa Nata'ala, ta faɗa da bakinta a gaban maza.

Ban taɓa ganin an so yaro a fili irin Nata'ala ba. Kamar duk son da ta haɗiye na 'ya'ya uku ne ya taso mata lokaci guda. In ta tsaya a bakin ƙofa ta kira shi cin tuwo, mutanen garin Mairuwa, can nesa, sukan wanke hannu. Ta ɗinka masa 'yar taguwa fara da hula, a unguwar da yara ke yawo da cibiya a waje har su fara kiwo. Ya yi ƙiba har sai da na ce, to, ban ce komai ba, na tuna kunnena. Kowace safiya takan dafa kansa ta ce, "Ubangiji, ga ajiyarka, yau ma ka duba." Shi ke nan addu'ar, ba ta iya doguwa ba.

Dada kuwa ba ta sake barci mai daɗi ba. Kada wani ya ce ba ta son yaron. Ta fi kowa. In uwar ta tafi rijiya sai ta jawo shi ta goga masa toka a bayan kunne, ta ɗaura masa laya a ƙugu a ƙarƙashin taguwa, tana raɗa masa, "Mummuna, wa ke son ka," hawaye na zuba. Alheri ta dawo ta wanke tokar, ta kwance layar ta rataye wa Dada a ƙofar ɗaki, ba faɗa ba gori. Ƙofar Dada ta cika da layu har sai an sunkuya ake shiga.

Yaron ya taɓa tambayata, "Kawu, don mi kake zagin kowa ban da ni?" Na ce ai shi sarki ne, ba a zagin sarki sai ya juya baya. Sai ya juya mini baya ya tsaya yana jira. Na ɗauke shi na sa a wuya muka tafi kallon shanun Fulani.

Ya kai shekara biyar da wani abu. Sai bazarar sanƙarau ta zo.

Wanda ya ga shekarar nan ba ya son a tuna masa. Zafi kamar an kifa wa duniya tukunya. Aka daina cin kasuwa sosai, aka ce a riƙa kwana a waje. Yaro zai tashi lafiya, kafin azahar wuya ya sanƙare, washegari a haƙa rami. Mani ba ya nan, ya tafi cin rani wajen Sabuwa inda ake tsaga katako.

Wata safiya aka aiko a kira ni. Na tarar da Nata'ala a kan tabarma, jiki kamar garwashi, kansa ya lanƙwashe baya, ba ya son haske. Malam Gide ya riga ni zuwa. Ya ce akwai ɗakin magani na mishan ta wajen Ƙanƙara, suna da ƙwayar ciwon, amma da nisa, ya fi tafiyar yini. Shi zai yi gaba a kan kekensa ya karɓo, mu mu biyo hanya da yaron mu haɗu a tsakiya. Ya yi addu'a gajeriya ya hau keke. Na ɗaura wa jakina gorar ruwa. Muka gwada ɗora yaron a kai, ya yi wata ƙara da har yau nake ji, wuyan ba ya son girgiza. Alheri ta ce a ɗora mata shi. Ta goya shi, ƙafafunsa suna kaiwa kusan gwiwarta, ta sa ɗankwali ta tallafe kan.

Hanyar fita daga gidan ta gefen juji take bi. A nan muka tarar da Dada. Ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban jikar da ta goya. Sakainar tana hannunta.

"Alheri, ban taɓa roƙonki komi ba. Ga shi nan, taki ɗaya ne. Ki aje shi, ki faɗi kalma guda, ki ɗauka ku tahi. Ba sai zuciyarki ta yarda ba, baki kawai. Yesun naki ai shina da haƙuri, in ji ku. Zai yafe maki."

Alheri ta tsaya.

"Ki faɗa, ɗiyata. In ba ta yi amfani ba, mi kika rasa?"

Alheri ta juya kai. Ta dubi jujin, ta dubi bayansa inda ciyawa ta bushe. Hannunta ya tafi kan kullin zanen goyon. Ni ina riƙe da igiyar jaki, kuma a raina ina cewa ta faɗa mana, kalma ce, mu wuce. Bakinta ya buɗe.

Sai yaron ya motsa a bayanta ya ce, "Inna."

Ta sauke hannun. Ta ce, "Dada, shina ji."

"Ba shi cikin hankalinsa."

"Shina ji. Ajuji ma ta ji." Ta sunkuya da goyon, ta kama Dada ta ɗaga ta tsaye. "Ki yi mani gafara. Ban iyawa. Na ba da ajiya, ba ni karɓowa in kai juji."

Muka kama hanya. Dada tana tsaye da sakaina har muka sha kwana.

Rana ta yi sama. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, itatuwa duk sun zubar da ganye, ba inuwa sai ta gawo nan da can. Na ce ta ba ni goyon in karɓe ta, ta ce namiji bai iya tallafe kai ba. Na ce ai da ta hau kunnena ɗaya, yaron ya hau ɗaya, in kaɗa su mu tashi sama, kafin Malam Gide ya isa mun dawo. Ta ɗan yi murmushi don kada in ji kunya.

Tana tafe tana magana, ba da ni ba. Wani lokaci da yaron, wani lokaci da Ubangijinta, har ba ka rabewa. "Nata'ala, ga tsuntsu can. Nata'ala na Inna, mai farar taguwa. Ya Yesu, kai ma an goye ka, ka san nauyin ɗa a bayan uwa. Ka ga ƙafata. Ban da kowa a hanyar nan sai kai da wanga bawa. Ka bar mani shi. In ka bar mani shi na gode. Ka riƙe shi dai, kada ka sake shi." Muka wuce wani ƙauye, mutane suka gane ciwon suka ja 'ya'yansu cikin gida. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ajiye mana ƙwaryar ruwa a bakin hanya ta koma nesa ta tsaya.

Bayan la'asar muka iso wani busasshen rafi mai tsamiya a bakinsa. Alheri ta ce mu tsaya. Muryarta ta sauya. Ta zauna a kan saiwa, na taimaka mata ta kwance goyon, ta juyo da shi kan cinyarta. Numfashinsa yana fita da ƙyar, yana tsayawa yana dawowa. Ta jiƙa bakin ɗankwali ta goga masa a leɓe. Ta sa bakinta a kunnensa.

"Nata'ala, Inna ce. Ina son ka. Ka ji? Ina son ka. Babanka shina son ka. Dada tana son ka, duk abin da take faɗi ƙarya take. Kawunka mai kunne shina son ka. Kada ka ji tsoro, wanda za ya karɓe ka ya fi ni iya goyo."

Ta yi ta maimaitawa. Ban san lokacin da ya daina ji ba. Ita ta sani, amma ba ta daina ba sai da ta gama. Sannan ta rufe masa ido, ta gyara masa hula.

Na juya na rungume wuyan jakina na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Muna nan zaune sai ga Malam Gide ya ɓullo daga hayi, yana tura keke don ƙaya ta fasa masa taya, gumi ya jiƙa rigarsa, ƙullin magani a hannu. Ya dube mu ya tsaya. Ya ajiye keken a ƙasa, ya zo ya durƙusa. Alheri ce ta ce masa, "Sannu, Malam. Ka sha rana. Ka adana shi, wani yaron zai buƙata."

Ita ta goyo shi muka dawo. Ta ce a rufe shi kusa da rumfar sujada, cikin farar taguwarsa, kuma ta tsaya a wurin har aka gama, abin da mace ba ta yi a wurinmu. Mani ya iso bayan kwana biyu. Ya zauna a bakin kabarin yini guda.

Maganar mutane ba ta jira an share makoki ba. Aka ce bakinta ne ya kashe shi. Aka ce ta yi ta kiran sunansa har ta nuna wa mutuwa ƙofa. Ba wanda ya lissafa yaran da aka kai juji a unguwar kuma ciwon ya kwashe su a bazarar. Dada ta shige ɗaki ta daina cin abinci.

Ni ma abin yana cina. Wata rana na same ta ita kaɗai tana sussukar dawa, na zauna a kan turmi na ce, "Alheri, zan tambaye ki, ba wasa ba. Kullum kina cewa ga ajiyarka ka duba. To ina tsaron?"

Ta dakata da sussukar.

"Ban sani ba, Harisu." Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. "Na roƙa a bar mani shi, ba a bar mani ba. Kada ka ce ban jin zafi. Da safe in na farka sai na kai hannu inda yake kwanciya. Na gaya wa Ubangiji ban gane ba, kuma ina gaya mashi kullum. Amma abu guda na sani. A bakin jujin nan ƙarfina ya ƙare. Bakina ya buɗe, maganar ta taso har nan." Ta nuna maƙogwaro. "Da na faɗa, da maganar nan zai tahi, kamar 'yar'uwarsa. Wani ya riƙe ni. Ba ni na riƙe kaina ba, ka gan ni ai, ɗan tsako ya fi ni ƙarfi. Wanda ya riƙe ni a wurin, ban jin zai saki yaron a hanya."

Ta ci gaba da sussuka. Can ta ce, "Kai ka haƙa na Ajuji. Ka tuna wurin?"

Na ce na tuna.

"Tashi ka nuna mani."

Muka zaga bayan juji. Wurin ya baje, sai wani dutse da Mani ya aza. Ta durƙusa ta cire busasshiyar ciyawa da hannu, ta share da tafinta. Ta ce, "Ajuji, Inna ce. Abin da na gaya maki ranar nan ba gaskiya ba ne. Tsoro ne. Na roƙi Yesu ya gaya maki tun tuni, amma ina so ki ji daga bakina."

Na ji motsi a bayanmu. Dada ce, ta fito da sanda, ta rame kamar kara. Ta tsaya tana kallon dutsen. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, da wata ƙaramar murya, "In an faɗa yanzu, ba abin da zai same su?"

Alheri ta ce, "Ba abin da zai ƙara samunsu, Dada."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa. Ta fara kiran sunaye, na Ajuji, na Nata'ala, na biyun farko, har da waɗansu da ban taɓa ji ba, nata 'ya'yan da ta rufe tun ba a haife mu ba. Alheri ta riƙe ta. Ni na bar musu wurin.

Dada ba ta bi Yesu ba, kada in ƙara gishiri a nan. Ta rasu a kan abin iyayenta bayan damuna biyu, Alheri ce ta yi jinyarta. Amma sakainar ba ta sake fita ba.

Alheri ba ta sake haihuwa ba. Tana nan a hayin rafi ita da Mani, tana noman 'yar gyaɗarta, ran Lahadi ta share rumfar sujada tun kafin kowa ya zo, yanzu an yi mata bangon ƙasa. In mace mai wabi ta haihu a unguwannin nan, wani lokaci a ɓoye takan aika a kira ta. Ba ta wa'azi. Takan zauna ne kawai ta riƙe jaririn, ta tambayi sunansa, ta kira shi da shi. Har yanzu da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ubangiji, ajiyarka tana wurinka, ka duba." Sannan ta ɗauki tulu.

Tun daga gindin tsamiyar nan bakina ya mutu a kanta. In mun haɗu sai in gaishe ta kamar surukata. Ran kasuwar 'Yankara da ta wuce ta tare ni a gaban masu daddawa, ta riƙe ƙugu.

"Kai bawa, ni ma mutuwa na yi da ka daina zagina?"

Na ce a'a.

"To zage ni in ji."

Na dube ta daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci. Na buɗe baki in ce ta yi hankali kada mai daddawa ya haɗa da ita cikin ƙulli. Zagin ya ƙi fita. Ta jira, ta jira. Sannan ta kama hannun rigata ta ce, "Bari, ka huta. Ɗaukar mani kayan nan mu tahi gida, gobe ka gwada."